Da Sauƙi

Igiya suka ɗaura daga wata aduwa zuwa wata, daidai ƙirjin mutumin da ke kan mashin. Wurin yana gaba kaɗan da Karasuwa in ka taso daga Nguru za ka Gashua, inda kwalta ta farfashe har masu mashin suka yi wa kansu 'yar hanya a gefe, cikin itatuwa. Dauda ne ke tuƙi, ƙanensa Zainulabidin yana baya. Ko rana ba ta faɗi ba.

Ni Haisam, mai shagon gem da ke bayan kasuwar Gashua, ina can baya a cikin a-kori-kura, na rungume injin gem a cinya kamar jariri. Abin da ya faru kafin mu iso, daga bakin Dauda na ji shi daga baya, guntu-guntu. Igiyar ta make shi a ƙirji, mashin ya yi gaba, su suka yi baya. Kafin ya gane sama da ƙasa, mutum uku sun fito daga cikin sabara, fuska a naɗe, kowa da adda. Mashin suke so, ba wani abu ba, da an sakar musu da sun tafi. Amma Zainu, wanda tun yana yaro ba a taɓa fizge masa abu ya saki ba, ya rarrafa ya riƙe kan mashin da hannu biyu, yana cewa da shi yayansa ke ciyar da gida. Suka kwaɗa masa bayan adda a baki, haƙora suka zube, bai saki ba. Suka tattaka masa ciki, bai saki ba. Sai dogon cikinsu ya ɗaga adda sama.

Dauda ya miƙa hannun dama ya tare. Addar ta ɗauke babban yatsa da manuni da na tsakiya, ko tsayawa ba ta yi ba, ta wuce ta sauka a wuyan Zainu.

Da muka iso babu mashin, babu mutanen, sai yashi da ya sha jini har ya yi baƙi. Dauda na durƙushe, ya danna abin da ya rage na hannunsa a wuyan ƙanensa, jininsu ya haɗu yana bin gwiwar hannunsa, yana ta cewa, "Tashi mana. Tashi mana." Direbanmu ya cire hiraminsa ya ɗaure masa damtse. Ni kuma na tsinci yatsun a cikin yashi na ƙulle su a leda, don a lokacin na ɗauka ana iya mayarwa. Muka juya Nguru saboda babban asibiti. Zainu bai kai ba. A jikina ya cika, kansa kusa da injin da ya kai mu garin.

Mutanen nan uku ba a kama su ba. Har yau in na tuna su ba na iya yi musu addu'ar shiriya. Na gwada, bakina ya ƙi.

Aka wuce da Dauda ɗakin tiyata, mu kuma muka kawo gawa gidansu a unguwar Katuzu, cikin Gashua. Washegari da hantsi aka yi wa Zainu sallah aka rufe shi, kamar yadda ya kamata. Lokacin da Dauda ya dawo hayyacinsa sosai, an riga an tashi daga zaman makoki, an naɗe tabarmi. Bai ga wanka ba, bai ga likkafani ba, bai zuba ƙasa ba. Gaya masa kawai aka yi.

Bari in faɗi abin da ya kai mu Nguru, don duk abin da ya biyo baya a kansa yake. Akwai wani gem a shagona da muke kira Rijiya, saboda sunansa na ainihi ya fi ƙarfin harshenmu. Wani jarumi ne da takobi yake gangarawa cikin rami, mataki bayan mataki, ko'ina ga abin da zai kashe shi, har ya kai ƙofar ƙarshe inda wani ƙato da muka sa wa suna Mahauci yake jira da adda biyu. Kafin ka fara, gem ɗin zai tambaye ka wace hanya kake so. Akwai ta sauƙi: in an kashe ka sai ka tashi a inda ka huta na ƙarshe, ka karkaɗe jiki ka sake, ko sau dubu ne. Akwai kuma rai ɗaya. A nan in ka mutu ka mutu. A goge jarumin da sunansa da takobinsa da duk watannin da ka ɓata a kansa, allo ya yi baƙi, a ce ka kawo sabon suna. Mai rai ɗaya ana gane shi da jan ƙyalle a damtse.

Zainu ne ya mayar da kalmar sauƙi zagi a shagona. Duk wanda ya zaɓi waccan hanya ɗan sauƙi ne, kuma sunan zai bi shi har majalisa, har filin ƙwallo, wani ma har wajen zance. Cewa yake yi wanda ya san zai tashi ba faɗa yake ba, danne-danne yake. Kuma yana da bakin magana, don jaruminsa, wanda ya sa wa sunansa, ya kai ƙofar Mahauci da jan ƙyallensa, abin da ba wanda ya taɓa yi daga Gashua har Jakusko. Da labari ya kai Nguru, gwaninsu Modu, mai shagon gem da gyaran inji kusa da tashar jirgi, ya aiko cewa ƙarya ce, mutanen Gashua kifi kawai suka iya kamawa. Mutanen Nguru kuwa in ba su gani da idonsu ba, ko ruwan sama sai su musa. Shi ne muka ɗauki inji muka kai musu har gida. Suka ga jan ƙyalle, baki ya mutu, Modu da kansa ya jinjina masa. Suka ce ya shiga ƙofar a nan su gani. Zainu ya ce a'a, a Gashua Mahauci zai faɗi, a gaban mutanensa. Ya bar jarumin tsaye a bakin ƙofa, muka kashe inji muka kamo hanya.

To, kowa ya san yadda ake gaida marar lafiya. A ce maka ya jiki, ka ce da sauƙi, ko da hanjinka na waje. A ce Allah ya ƙara sauƙi, ka ce amin. Dauda ya ƙi. Tun a gadon asibiti, duk wanda ya ce masa ya jiki sai ya ce, "Yana nan." Mahaifiyarsu, Inna Larai, kullum safe sai ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta tambaya, kullum amsar ke nan. Dangi suka ɗauka zafin ciwo ne. Mu 'yan shago mun san kalmar ce ba za ta fita daga bakinsa ba. Maƙabarta kuwa ko hanyarta ba ya bi. In aka ce ya zo a nuna masa wurin, sai ya tashi ya bar majalisar.

Shagona yake zuwa. Babu mashin, babu yatsun riƙe shi, sai ya biyo masu kawo shinkafa daga fadama su sauke shi a kasuwa. Ya zauna a benci ya ce, "Haisam, kunna min shi." In kunna. Ga Zainu nan a allo, tsaye a bakin ƙofar Mahauci, kafaɗunsa na hawa suna sauka da numfashi, jan ƙyalle na kaɗawa. Dauda ba ya taɓa komai. Kallo kawai yake yi har la'asar, wani lokaci ya ce a hankali, "Yana nan." Ran da na gane wanda yake nufi da amsar nan tun daga asibiti, sai da na fita bayan shago na tsuguna.

Wata rana Inna Larai ta tare ni a layin masu kifi banda. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ɗan nan, me ke cikin akwatin nan naka da yaron nan ke zuwa kallo kullum?"

Na rasa ƙaryar da zan yi. Na ce, "Zainu ne, Inna. Wato... hotonsa ne, na wasa."

Ta ce, "Zainu yana Katuzu. A gabana aka fita da shi. Ka ce wa yayansa ya je ya gaishe shi, ni na gaji da faɗa." Na ce to. Ban iya isar da saƙon ba.

Da ciwon ya fara kamewa, Dauda ya ce in buɗe masa sabon jarumi ya gwada. Abin riƙewar nan da muke kira hannun gem, wanda ya ƙera shi bai taɓa tunanin akwai mai yatsa bakwai a duniya ba. Sara yana ƙarƙashin babban yatsan dama, karewa yana ƙarƙashin manuni, duk waɗanda aka bari a yashin Karasuwa. Dauda, da a da shi ne na biyu bayan ƙanensa, ya koma ɓerayen matakin farko suna cinye shi. Ya mutu, ya sa sabon suna, ya sake mutuwa. Da dungulmin yake danna madannai, bandeji na jiƙewa.

Akwai wani Musbahu mai cajin waya a gefen shagona, ɗan sauƙi na asali, wanda Zainu ya sha wankewa a gaban jama'a. Ran nan yana tsaye a bayan Dauda, ya ga an kashe shi a karo na ban san nawa ba, sai ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Dauda."

Har gobe ban san ko addu'a ya yi ko tsokana ba, ina jin shi ma bai sani ba. Dauda ya juyo ya rafka masa hannun gem a baki, roba ta tarwatse. Ya shaƙo wuyan rigarsa da hagu ya buga kansa da bango, ya sake bugawa, ya kayar da shi tsakanin kujeru ya hau ruwan cikinsa. Da dungulmin yake dukansa. Ɗinki ya farke, jini na fallatsa har gilashin talabijin, ba a san na wa ba ne. Na shiga rabo na samu gwiwar hannu a ido, sai da na ga wuta. Sai da 'yan dako biyu suka shigo suka ɗaga shi ɗungurungum yana harbin iska. Musbahu ya tofar da haƙori ɗaya da rabi. Ni na ji haushin Dauda ranar, kuma na faɗa masa. Na ce shagona ba mayanka ba ne, ba kuma shi kaɗai ya yi rashi ba, kada ya sake tako min ƙofa. Washegari ya zo, na kunna masa.

Sai bazara ta shigo da irin zafin nan na Gashua da ke sa kwanon rufi ya yi ta ƙara da rana tsaka. Injin ya fara ciwo. Fankarsa na kuka kamar injin markaɗe, ya yi aiki kaɗan ya ɗauke, wani lokaci ya tashi da ƙyar. Na kira Modu, don shi kaɗai ke taɓa irinsa a yankin nan. Ya saurari kukan ta waya ya ce ƙwaƙwalwar ce ke mutuwa, sai an canza, in kuwa an canza duk abin da ke ciki ya tafi. Na ce to a kwafe Zainu a filash. Ya ce ai na san ba a kwafar mai rai ɗaya, masu gem sun toshe, don kada mutum ya ɓoye rai a aljihu. Hanya ɗaya ce, a mayar da jarumin ɗan sauƙi. Nan take jan ƙyallen zai faɗi, kuma ba a komawa, amma sai a kwafe shi a ajiye, ba zai ƙara mutuwa ba har abada.

Na gaya wa Dauda duka, ban rage ba. Ko a mayar da shi ɗan sauƙi a tsira da shi, ko a bar shi injin ya tafi da shi, ko wani ya ɗauki hannun gem ya shigar da shi ƙofar.

Modu ya zo da kansa, da jaka a kafaɗa. Tun abin nan ba su haɗu da Dauda ba. Ya yi sallama, ya ce wushe, sannunsu ta Barebari, bai rufe baki ba Dauda ya tashi ya manna shi da bango, damtsensa a kan maƙogwaron Modu.

"Kai ka ce ƙarya ce," in ji Dauda. "Kai ka sa muka hau hanyar nan."

Modu bai ɗaga hannu ba. Idonsa ya firfito, jijiyar goshinsa ta tashi, jakar ta faɗi ƙasa. Da ƙyar ya ce, "Ni ne. In ka gama, ka buɗe jakar."

Ni na buɗe ta, don in na jira Dauda ya gama sai mun ƙara gawa. Hannun gem ne a ciki, an ɗaure shi a kan katako da maɗaurin da zai zagaya cinya, ga kuma wata waya da ta fita daga jikinsa zuwa abin takawa na keken ɗinki. Dauda ya sassauta. Modu ya zame ƙasa yana tari.

"Na ƙanwata Bintu ne, keken ya lalace," ya ce da ya samu numfashi. "Sara na mayar maka da shi hagu. Gem ɗin ya yarda a yi haka, yana cikin saitinsa, ba mai dubawa ne kawai. Karewa kuma ƙafa. Ka taka, ya kare."

"Sauƙi ka kawo min."

"Wallahi ba sauƙi ba ne, Dauda. Mahauci shi ne Mahauci. Addarsa ba ta dakushe ba, saurinsa bai ragu ba, rai kuma ɗaya ne. Yatsun da aka ɗauke maka kawai na ara maka a ƙafa."

Shago ya kaure da gardama. Wasu suka ce duk abin da ya taɓa saiti sauƙi ne, Zainu ma da yana nan haka zai ce. Wasu suka ce a'a. Ni dai raina ya ɓaci da masu yatsa goma da ke zaune suna yanke wa mai bakwai hukunci. Na ce kakana da tabarau yake karatun Alƙur'ani, ban taɓa jin an ce an rage masa aya ba. Wanda duk bai yarda ba ya kawo hannunsa in ɗaure masa yatsa uku da tsumma, ya zauna ya nuna mana gwaninta. Ba wanda ya miƙo.

Dauda ya sunkuya ya ɗauki katakon, ya ɗaura a cinya.

Modu ya ce zai jinkirta canza ƙwaƙwalwar injin zuwa wata Juma'a, in ya kai. Na hana kowa buga gem ɗin ƙwallo a kansa, na riƙa sayen ƙanƙara ina jerawa a kwano a gaban fanka. Dauda kuwa ya duƙufa da sababbin jarumai. Da farko ƙafa ba ta san aikin yatsa ba, ta taka kafin lokaci, ta taka bayan an riga an sare shi. Ya mutu ya fi a ƙirga, har sunaye suka ƙare masa ya koma sa sunayen kifi. A hankali ƙafar ta fara jin magana. Ya wuce ɓeraye, ya wuce masu mashi, ya wuce wata tsohuwa mai tofin wuta da ta gagari rabin garin nan. Amma Mahauci yana can ƙasa, nesa, babu lokacin da sabon jarumi zai kai gare shi.

Musbahu ne ya shigo, leɓensa bai gama saɓewa ba. Na miƙe tsaye don ko ta kwana. Ya zauna a ɗaya gefen bencin, bai kalli Dauda ba, ya ce, "Ni nawa jarumin yana ƙofar. Na mutu a hannun Mahauci ya fi sau ɗari. Duk garin nan ba wanda ya san shi kamar ni."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba wanda ya taɓa tunanin haka a cikinmu. Ɗan sauƙin da muke yi wa dariya shi kaɗai ya taɓa ganin abin da ke bayan ƙofar. Ya kunna nasa ya shiga, aka sare shi, ya tashi, ya sake shiga, yana nuna wa Dauda: nan yake juyowa, nan yake gajiya, nan in ka matsa hagu ba ya ganinka. "Amma in ya kusa mutuwa," ya ce, iska na fita ta giɓinsa, "zai ja baya ya ɗaga addunan biyu tare. Kada ka gudu, ba a tsere masa. Karewa kawai. Karɓi nawa ka gwada, ƙafarka ta saba da ita. In ya kashe ka ai tashi za ka yi."

Dauda ya dubi jarumin Musbahu, damtsensa fayau babu ƙyalle. Ya ce, "Na gode. Kallo ya ishe ni."

Na ce masa taurin kai ne. Modu ma ya faɗa masa ta waya. Dauda ya ce hannunsa ba zai taɓa sauƙi ba, ko da na aro ne.

Ranar Juma'ar, ana sakkowa daga masallaci shago ya cika har waje. Mutanen Nguru sun zo mota guda, ba kuma tsokana ta kawo su ba. Zafi kamar a cikin tanda. Na kunna janareta, na jera ƙanƙara, injin ya yi tari ya tashi. Ga Zainu tsaye inda ya bar kansa. A bakin ƙofar gem ɗin yakan yi tambayar ƙarshe, ko kana so ka koma sauƙi kafin ka shiga. Rubutun ya fito. Na sunkuya kusa da kunnen Dauda, filash a hannuna.

"Ka yi wa Allah, Dauda. Dannawa ɗaya ce, in kwafe maka shi ka sa a aljihu. Duk ran da ka so ganinsa ka gan shi."

"In an sare shi ya tashi?"

"Ya tashi."

"A sake sarewa ya sake tashi."

"Ƙwarai."

Ya girgiza kai. "To wannan ba ƙanena ba ne."

Ƙofa ta buɗe. Mahauci ya fito daga tsakanin ƙugiyoyi da naman da ke rataye, ya ninka Zainu uku, gaban rigarsa duk jini. Sarar farko ta fasa dutsen da Zainu ke tsaye a kai, amma Dauda ya riga ya mirgina da shi, ya yanki ƙaton a agara. Mahauci ya yi ruri ya juyo da ɗaya addar, Dauda ya taka, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, wuta ta tashi. Ya soke shi a ciki, ya murɗa, ya zare. Haka aka ci gaba, sara da karewa, abin takawar Bintu na ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin benci. Sau ɗaya ƙafar ta makara, adda ta buɗe wa Zainu kafaɗa, rabin ransa ya tafi, wani a baya ya yi salati. Dauda ko ƙiftawa bai yi ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa kan katako. Ya datse wa ƙaton gwiwa, ya fasa masa ido ɗaya, ya bi shi yana sara kamar mai faskare, yana magana ta cikin haƙora, kuma ba da Mahauci yake ba.

"Kai ne dogon," yake cewa. "Kai ne dogon."

Jan layin da ke nuna ran ƙaton ya ragu har bai fi faɗin farce ba. Injin na kuka, ƙanƙarata ta zama ruwa. Na ji na yarda za a ci, wallahi na yarda. Sai Mahauci ya ja da baya, ya ɗaga addunan biyu tare.

"Taka," in ji Musbahu. "Taka yanzu."

Ƙafar Dauda ba ta motsa ba. Hannunsa na dama ne ya tashi. Ya zabura gaba ya miƙa dungulmin tsakanin addar da wuyan ƙanensa, har ya bugi gilashin talabijin.

Addar ta sauka inda ta sauka a karon farko. Zainu ya durƙusa, takobi ya faɗi, jan ƙyallen ya kwance daga damtsensa ya sauka cikin jini. Allo ya yi baƙi. Can sai ga 'yan haruffa farare da wani ɗan layi yana ƙiftawa, ana jiran sabon suna.

A shagon nan an kashe jarumai ba adadi, kuma dariya ake yi da ihu. Ranar ba abin da kake ji sai janareta. Dauda ya fizge katakon daga cinyarsa ya ɗaga sama, ni har na sadaukar da talabijin ɗin. Ya tsaya haka. Sai Modu ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya zo ya tsuguna a gaban Dauda ya ce, "Allah ya jiƙan Zainu. Allah ya ba ka haƙuri."

Katakon ya sauko a hankali. Wani ya matso ya faɗi haka shi ma, sai wani, sai mutanen Nguru ɗaya bayan ɗaya, sai Musbahu da giɓinsa. Ba wanda ya shirya abin. Gaisuwar da Dauda bai zauna ya karɓa ba ita ce ta same shi a bencin shagona. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, irin wanda ban taɓa ji daga bakin namiji ba, ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka har rigarsa ta jiƙe. Ni ma na yi, ba na jin kunyar faɗa.

Da ya ɗago ya ce, "Haisam, ina kuka sa shi?"

Na ari mashin na goya shi zuwa maƙabartar Katuzu. A hanya na ji ya riƙe rigata da hagu. Kabarin yana kusa da wata tsamiya, ƙayar da muka jera a kai ta bushe ta yi fari. Ya durƙusa ya ɗora dungulmin a kan ƙasar, ya daɗe yana addu'a. Sannan ya ɗebi ƙasa da hagu ya zuba a kai, wadda bai samu zubawa ba.

Muka iske Inna Larai a tsakar gida tana sheƙar shinkafa. Ta dubi gwiwoyin wandonsa, ta dubi idonsa, ta dube ni. Ba ta tambayi inda muka fito ba. Ta ajiye faifai ta yi tambayar da take yi kullum.

"Dauda, ya jikin?"

Ya buɗe baki ya rufe.

"Da sauƙi, Inna."

"Allah ya ƙara sauƙi," ta ce.

"Amin."

Ta sunkuya ta ɗauki faifanta ta ci gaba da sheƙa, hawaye na zuba cikin shinkafar.